Idan Ɓarna Ta Faɗa wa Lambun Waƙafi

Wanda ya duba lissafin bana zai ga abin da lambun waƙafi ya kawo bai kai na bara ba. Haƙƙin masu ba da gudummawa ne su san dalili, haƙƙin kwamitocin masallatai ne kuma su amfana da abin da muka koya, domin wasunsu ma akwai fadamar waƙafi a hannunsu.

Ruwan farko ya zo mana da guguwa da ƙanƙara, ya tarar da tumatirin ƙarshen rani da tattasai suna ɗauke da 'ya'ya. Iskar ta kwantar da shuka, ta karya rassa, ta kuma kayar da wani ɓangare na danga. Kafin mu gyara dangar, shanu suka shiga da dare. Da muka zauna, ra'ayi ya kasu biyu. Wasu dattawanmu suka ce a tuge komai a jira damina a zuba masara. Wasu suka ce ƙaddara ce, a bar lambun yadda yake. Da muka tuntuɓi manoman da suka daɗe a harkar, da malamin gona, da malamanmu na fiƙihu, sai muka gane duka ra'ayoyin biyu asara ne ga marayun da ake ciyarwa da kuɗin lambun.

Matsayin mai kula da waƙafi

Asalin waƙafi shi ne a tsare tushen dukiya a sadaukar da amfaninta, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya shawarci Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibar. Mai kula da waƙafi amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya lalace ba da hannunsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Babu wanda za a tuhuma a kan saukar ƙanƙara. Abin da za a tambayi kwamiti shi ne me ya yi a kwanakin da suka biyo baya, domin a cikinsu ne ake ceto abin da zai cetu.

A ƙasar Danja wannan magana ce ta yau da kullum. Daga Tandama zuwa Kahutu, daga Dabai zuwa Jiba, tumatir da tattasai da albasa da rake su ne ƙashin bayan noman rani, kuma daga nan ake loda kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu. Duk wanda ya ba da fadama waƙafi a nan, kusan kayan miya ya bayar.

Matakin farko: a duba, a rubuta, a dakata

Washegarin ɓarna, mutum biyu daga kwamiti su zaga lambun tare da mai aikinsa, fangali bayan fangali. A rubuta abin da aka gani, a ɗauki hoto da waya. Wannan rubutu shi ne hujjar kwamiti a gaban masu waƙafi, da kuma wajen sulhu idan akwai wanda za a nema da diyya.

Kada a shiga taɓa shuka ganye na jiƙe, domin hannu da wuƙa suna ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan, kuma rauni ƙofa ce a buɗe. Kada kuma a yanke hukuncin tugewa a ranar farko. Lambun da ƙanƙara ta daka yana da ban tausayi da safe, amma bayan kwana 3 zuwa 7 sai a ga wanda ya fara tofo da wanda ya mutu. Abu ɗaya ne ba ya jira, wato reshen da ya tsage bai rabu ba. Wannan a ranar ake ɗaure shi.

Wanda ake gyarawa

Tumatir ya fi sauran kayan lambu saurin farfaɗowa, saboda kararsa tana fitar da saiwa a duk inda ta haɗu da ƙasa mai laima. Wanda iska ta kwantar bai karye ba, a tayar da shi a hankali, a kafa masa sanda, a tara masa ƙasa a gindi. Wanda ya tsage amma fatar gefe ɗaya tana riƙe, a mayar da shi mazauninsa, a jingina masa ɗan kara, a naɗe da tsumma mai laushi ba tare da an shaƙe shi ba, a rage masa 'ya'yan da ke jan sa ƙasa. Idan bayan kwana biyu ko uku ganyensa bai yi yaushi ba, ya kama.

Wanda ya karye ɗungurungum, a datse shi da wuƙa mai kaifi da tsabta, sama kaɗan da gaɓa. Daga tsakanin ganye da kara sabon reshe zai fito. Kan da ya faɗi ma ana iya cire masa fure da ganyen ƙasa, a soke shi a ƙasa mai laima a inuwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa. Sai dai a sani, irin da aka fi nomawa a nan, kamar UTC da Roma, gajere ne mai zuba 'ya'yansa cikin ɗan lokaci. Idan ya karye bayan ya ɗauki 'ya'ya, abin da tofon zai bayar ba zai kai na farko ba.

Tattasai da attaruhu rassansu gautsi gare su, kuma reshen da ya faɗi ba ya saurin yin saiwa kamar na tumatir. Amma gindin yana sake tofo matuƙar karayar ta bar wasu gaɓoɓi a ƙasa. A datse wurin da ya farfashe, a ci gaba da ban ruwa daidai kima. Alayyafo dama yanka ake yi ya sake fitowa, saboda haka ɓarnarsa mai sauƙi ce. Kuɓewa takan yi rassa idan kanta ya karye. Kabeji kuwa, idan tsakiyarsa ta lalace tun yana ƙarami, ba zai naɗe ya yi kai mai kyau ba. Albasa girman kanta daga ganyenta yake, don haka wadda aka tattake ganyenta za ta yi ƙanana, wadda kuma ta ji rauni a wuya ba ta ajiyuwa, gara a ware ta a sayar ko a ci da wuri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗura wa shuka mai rauni takin zamani don ta yi saurin tashi. A jira sai an ga sabon tofo, sannan a sa kaɗan. Maganin feshi na kare rauni daga cuta kuma sai da shawarar malamin gona, tare da kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka, domin abincin mutane ne.

Wanda ake tugewa

Akwai lalacewar da ɗauri ba ya yi mata magani. Idan tumatir ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore ne kuma ƙasa da laima, a yanki kararsa a tsoma a ruwa mai haske cikin kofin gilashi. In aka ga wani farin abu yana zubowa kamar zare, cutar ta shiga jijiya, kuma tana bin ruwan fangali. Haka wanda ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance, ya daina girma. Waɗannan a tuge su da saiwa, a fitar daga lambu, a ƙone ko a binne.

Manomanmu ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Katsina da Kano da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. Tana shiga tsakanin fatar ganye da cikin 'ya'ya, inda feshi ba ya saurin kaiwa, kuma cikin kusan wata ɗaya take kammala rayuwarta ta sake zuba ƙwai. Lambun da aka yi watsi da shi bayan ɓarna gida ne gare ta. Wannan ya sa muka ƙi ra'ayin barin lambu yadda yake, domin cutarwar za ta tsallaka zuwa maƙwabta, kuma shari'a ta hana cutarwa.

Gurbin da aka tuge ba a barinsa haka. Idan ɓarnar ta zo a makonni biyu na farkon dashe, a cike da ragowar iri, shi ya sa muke shawartar kowane kwamiti ya riƙa barin saura a wurin reno. Idan kuwa ta zo cikin zafin bazara, lokacin da furen tumatir ke zubewa, sabon dashe asarar kuɗi ne. Mu mun cike da alayyafo da kuɓewa. 'Ya'yan da suka zube kuma an tsince su: waɗanda suka ƙosa an shanya a inuwa sun nuna, waɗanda suka fashe an yanka an yi kauɗa, masu ɗan rauni an raba wa gidajen marayu a ranar. Ba a sa mai rauni a kwandon sayarwa, domin zai ruɓar da sauran a hanya, kuma ɓoye aibi algus ne.

Asarar a kan wa take?

Game da ɓarnar dabbobi, Alƙur'ani ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) a Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Annabi Sulaimanu ya sa mai tumaki ya gyara gonar har ta koma yadda take, mai gona kuma ya amfana da tumakin kafin nan. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib, wanda ya ɗora tsaron lambu da rana a kan masu lambu, ya kuma ɗora biyan ɓarnar dare a kan masu dabbobi. Malamanmu sun ce ana ƙiyasta shukar ne bisa la'akari da cewa tana iya kaiwa girbi, tana iya kuma kasawa. Mu mun kai maganar gaban mai unguwa da ardo, aka jira mako guda aka ga abin da ya farfaɗo, sannan aka yi ƙiyasi. Mai shanun ya biya abin da aka yanke, ya kuma sa hannu a gyaran danga. Da an yi ƙiyasin a ranar farko, da mun karɓi abin da ya wuce haƙƙinmu.

Wani lokaci kwamiti yakan sayar da amfanin lambu yana tsaye bayan ya fara nuna. Idan annobar da ba a iya karewa ta same shi kafin a tsinke, kamar ƙanƙara ko fara ko tsutsa, malamai suna kiranta ja'iha. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya yi umarni da a sauƙe wa mai saye. A mazhabar Malikiyya, 'ya'yan itace da abin da ake tsinka bi da bi, kamar kankana da gauta, ana rage kuɗin ne idan ɓarnar ta kai sulusi, kuma tumatir ya fi kama da waɗannan. Ganyayyaki da irin su albasa da karas kuwa, mashahurin zance shi ne a rage ko ɓarnar kaɗan ce. Kada kwamiti ya ce kuɗin marayu ne don haka ba ragi. Maraya ba a ciyar da shi da haƙƙin wani.

Zakka da manomin da ɓarna ta shafa

Ana yawan tambayarmu ko akwai zakka a kan tumatir da tattasai. A wurin Imamu Malik babu zakka a kan kayan lambu su kansu. Zakkar noma tana kan hatsi da makamantansa idan ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, kimanin kilo 653: kashi 10 cikin 100 ga na ruwan sama, kashi 5 ga na ban ruwa da wahala. Imamu Abu Hanifa yana ganin a fitar har a kayan lambu. A mazhabarmu, kuɗin da aka samu daga sayar da su, idan ya kai nisabi kuma ya shekara a hannu, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100.

Manomin da ƙanƙara ta share masa lambu kuma yana iya zama mai karɓa. Hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ a Sahihu Muslim ya lissafa wanda annoba ta cinye dukiyarsa cikin waɗanda neman taimako ya halatta gare su, har ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Da yawa daga manomanmu da bashi suke sayen taki da man injin ban ruwa, kuma irinsu ba sa iya buɗe baki su roƙa. Kwamitin masallaci ne ya san su. A bincika a asirce, a ba shi abin da zai biya bashi ya sayi iri, a mallaka masa, kada a mayar da zakka rance.

Roƙonmu

Ga kwamitoci, muna roƙon a ajiye littafin lambu, a gyara danga kafin ruwan farko, a bar ragowar iri, a kuma ware wani abu daga amfanin kowace shekara domin gyara, tunda malamai sun gabatar da gyaran waƙafi a kan rabon amfaninsa. A riƙa neman malaman gona na hukumar KTARDA, kuma cibiyoyin binciken noma na Samaru a Zariya ba su da nisa da mu. Ga masu ba da gudummawa, kuɗin waya da sandunan danga sadaka ce mai gudana kamar sayen fadamar kanta.

Allah Ya karɓa daga waɗanda suka bayar, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a abin da ya rage, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.

Sakataren Gidauniya