"Na Nawa Ka Zo?"

Ran da aka ba da hutu, yara suka komo gida da takardar sakamako a hannu, tambaya ɗaya ce ake yi a kusan kowane gida: "Na nawa ka zo?" In yaro ya ce na ɗaya, sai uba ya washe baki, ya ce ai wannan ɗan nawa ƙwaƙwalwa gare shi. In ya ce na talatin, sai a tuna masa da buhun masarar da aka sayar aka biya kuɗin makaranta, a kira shi daƙiƙi. Mu ma malaman gona mun sha yin haka a gidajenmu. Shi ya sa muka kawo muku labarin wani bincike da aka yi a Amurka, don ya taɓa wannan al'ada tamu.

A shekarar 1998 waɗansu mata biyu masu nazarin halayen yara a Jami'ar Kolambiya, watau Claudia Mueller da Carol Dweck, suka buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da yara 'yan aji biyar na firamare, su wajen 400. Ga yadda suka yi. Aka ba kowane yaro tambayoyi 10 masu ɗan sauƙi, irin na zane da ake neman gurbin da ya ɓace. Da ya gama sai a gaya masa ya ci da kyau. Daga nan waɗansu aka ƙara musu da cewa lalle kai mai basira ne, waɗansu kuwa aka ce lalle ka yi ƙoƙari. Magana ɗaya tak ce ta raba su.

Sai aka tambaye su irin aikin da suke so a gaba. Yawancin waɗanda aka yabi basirarsu suka zaɓi mai sauƙi, don kada su faɗi. Waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu kuwa, kusan 9 cikin 10 suka zaɓi wanda za su koyi sabon abu, ko da wuya. Bayan haka aka ba kowa tambayoyi masu tsauri da gangan, aka ce masa bai ci sosai ba. Da aka sake ba su masu sauƙi irin na farko, "masu basira" suka kasa kai abin da suka ci da fari, "masu ƙoƙari" kuwa suka wuce nasu na fari.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an sa yaran su rubuta wa waɗansu yaran da ba su sani ba labarin aikin, su faɗi makin da suka ci. Kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka yabi basirarsu suka ƙara wa kansu maki. Cikin waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu, kashi 13 ne kawai suka yi haka. Ba bulala, ba zagi, yabo ne kurum ya kai yara ga ƙarya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga manomi. Ku tuna da mutumin da gari duka ya san shi da cewa gonarsa ba ta faɗuwa. Shekarar da wuta-wuta ta kama masa dawa, shi ne na ƙarshe da zai kira mu mu duba, don yana tsaron suna. Haka yaron da aka ɗora wa sunan mai ƙwaƙwalwa yake. Kowace jarrabawa ta zama masa shari'a, faɗuwa ɗaya za ta ƙwace sunan. Wanda aka yabi aikinsa kuwa, in ya faɗi ya san abin yi, sai ya ƙara aiki ko ya sake dabara.

A 2017 aka yi makamancin wannan a ƙasar Sin da yara 300 'yan shekara 3 da 5. Waɗanda aka ce musu suna da wayo sun fi saura leƙen amsa a wasan kati in babba ya fita daga ɗaki. Amma fa kada mu ɗauki abin kamar maganin ƙwari da ake fesawa a ga aiki nan take. A 2019 masana daga Jami'ar Edinbara sun maimaita gwajin Mueller da Dweck da waɗansu yaran Sin, sakamakon bai fito sarai kamar na farko ba. Sauya kalma ɗaya ba za ta maye gurbin malami, ko littafi, ko koko da safe ba.

Duk da haka, kowace shekara hukumomin WAEC da NECO suna riƙe sakamakon ɗalibai masu yawa bisa zargin satar amsa, mu kan ɗora laifin duka a kan lalacewar yaran zamani. A ganinmu akwai rabonmu a ciki. Yaron da ya san an sayar da akuyar uwarsa dominsa, kuma lamba ɗaya kaɗai ake jira daga gare shi, yana shiga ɗakin jarrabawa da kaya mai nauyi a ka.

Wata uwa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin matanmu ba ta iya karatu ba, amma in ɗanta ya kawo takarda sai ta sa shi ya karanta mata darasi-darasi, ta tambaye shi wanne ya fi ba shi wahala, me kuma ya yi a kai. Da ya ce lissafi ne, sai ta rage masa kiwo ran Asabar, ta tura shi wurin ɗan maƙwabta da ke sakandare. A taron ƙungiya na wata mai zuwa muna roƙon kowa ya zo da takardar ɗansa, za mu zauna mu duba su darasi-darasi bayan mun gama maganar taki.