Dabbar Tsintuwa a Gidan Mai Unguwa

A Ingila akwai gidaje musamman na ajiye dabbobin da suka ɓata. Mu a wajenmu, Kujama da ƙauyukan Kafanchan, gidan mai unguwa shi ke wannan aiki. In an tsinci akuya ko jaki, can a kan kai a ɗaure har mai shi ya zo cigiya. Ciyarwa kuwa duk a wuyan mai unguwa, har da rani, sa'ad da ko tasa akuyar ba ta ƙoshi.

A ganina mu malaman makaranta muna iya rage masa nauyin nan ba da kashe ko kwabo ba. Da kaka a roƙi kowane yaro damin harawa ɗaya, a jibge kan rumfa. Dusa kuwa, duk gidan da a ke surfe akwai ta. Tsohon kasko ya isa na ruwa, zana biyu su yi inuwa.

Kare kam dabam ne. Kada yaro ya kama baƙon kare, domin ciwon hauka. A gaya wa malamin dabbobi. Allurar rigakafinsa ana yin ta a Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi tun 1924.