Ragayar Zamani: Mayen Ƙarfe A Jikin Firiji

Rumde, wadda ke gaɓar kogin Binuwai a cikin Jimeta, sunanta daga Fillanci ya fito, ma'anarsa rinji. Amma wanda ya ratsa lungunanta yau ya san zancen fili ya ƙare. Gida ɗaya sai ka tarar an yanka shi ɗaki-ɗaki don haya, madafa kuwa ba ta wuce ɗan lungun da uwargida za ta juya da ƙyar ba. A nan za ta ajiye tukwane da murhu, da su yaji da daddawa da kuka, a nan kuma firiji zai tsaya ya cinye rabin wurin.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin ƙuncin wuri. Abin da ƙasa ta kasa ɗauka sai a kai shi sama, a rataya ƙwarya a ragaya, inda ɓera da kaza da ɗan yaro ba su kaiwa. To, ragaya ce ta dawo da sabuwar kama. Yanzu akwai ƙananan kantoci da ƙugiyoyi da gwangwanaye masu maganaɗisu a bayansu, waɗanda ake mannawa a jikin firiji ba tare da ƙusa ba. Ga ɗan haya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bai huda bangon mai gida ba, ran tashi kuma sai ya ɓamɓare kayansa ya yi gaba. Bugu da ƙari, mutanen bakin Binuwai da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sai an faɗa musu amfanin ɗaga kaya daga ƙasa ba.

Mai karatu zai ce, ina ƙarfin ɗan mayen ƙarfe da zai riƙe kwalbar man gyaɗa? Ai irin na dā ne, baƙin nan da yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo, ba shi da ƙarfi sosai. Na yanzu, mai ƙyalli kamar azurfa, ana haɗa shi ne da baƙin ƙarfe da boron da wani ma'adini wai shi niyodimiyam. A farkon shekarun 1980 aka gano shi, a kamfanin General Motors na Amurka da na Sumitomo na Japan, kowa da nasa binciken, yau kuwa ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawansa. Wanda bai wuce kwabo girma ba yana iya matse yatsa har jini ya taru.

Sai dai akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi shafar mutumin Jimeta. Firiji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin ciki yake kwashewa ya zubar waje. Na dā yana da baƙar raga a bayansa don wannan aiki. Da yawa daga cikin na zamani kuwa an binne bututun ne a cikin bangon gefensu, shi ya sa idan ka taɓa gefen za ka ji ɗumi. Wanda ya lulluɓe wannan gefe da kantoci da tsummoki ya toshe wa firiji hanci ke nan. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa, injin zai yi ta gurnani ba hutu, ya sha wuta, ya gajarta kwanansa. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga firijin nan, jarinta ne take wasa da shi. Saboda haka a fara shafa gefen da hannu bayan firiji ya daɗe yana aiki. In da ɗumi, a taƙaita kayan, a bar iska ta ratsa. Ɗumin nan ma yana kashe ƙamshin citta da kanumfari, yana sa mai ya yi saurin lalacewa.

Ƙofa kuma kaya marasa nauyi kaɗai ta dace da su, kamar ashana da cokula da takardar cefane. Nauyi yana sa ta sunkuya, robar bakinta ta daina kamawa, sanyi ya riƙa zurarewa. Ita robar ma, af, da mayen ƙarfe a cikinta take rufewa. A sani kuma maganaɗisu ya fi jure a ja shi gaba da a ja shi ƙasa, don haka nauyin da aka rubuta a kwali kada a cika shi. Ba ya kama gorar ruwa, wani farin ƙarfen ma ba ya kamawa, sai a gwada kafin a biya kuɗi.

Wuƙa dai kada ta hau firiji a gidan da yara suke. Haka nan ƙananan mayun ƙarfe da suka ɓalle daga mazauninsu a kawar da su nan take, domin idan yaro ya haɗiye biyu sukan manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. In haka ta faru, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran ya fito da kansa.