Kwalara: Yadda guba ke amfani da sinadarin jikin mutum

A duk lokacin da kogin Rima ya yi ambaliya ya gurɓata rijiyoyi, mazauna Argungu da Birnin Kebbi kan shiga fargabar ɓarkewar cutar amai da gudawa.

A shekarar 2021, hukumar NCDC ta ce cutar ta hallaka mutane fiye da 3,000 a Najeriya, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta shafa.

Masana sun ce wani sinadari na jikin mutum mai suna PDI na da hannu a wannan ɓarna.

Kowane furotin tamkar zare ne, ba ya aiki sai an naɗe shi daidai. PDI ne ke ƙulla ko kwance maɗaurin farar wuta da ke riƙe naɗin. Ayarin Christian Anfinsen, Ba'amurken da ya samu kyautar Nobel a 1972, na cikin waɗanda suka gano shi a 1963.

A 2001, masu bincike a jami'ar Harvard suka nuna cewa idan gubar kwalara ta shiga ƙwayoyin hanji, PDI ne ke taimaka wa ɓangarenta mai illa ya ɓalle. Daga nan sai hanji ya dinga zubar da ruwa da gishiri.

Wannan ne ya sa likitoci ke cewa a gaggauta ba majinyaci ruwan gishiri da sukari tun kafin a isa asibiti, domin ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa.