Kafa tuta ba shi ne zama ƙasa ba

Direban da ya yi lodin albasa a Aliero, ya ratsa Jega ya nufi iyakar Kamba, takarda ce ke buɗe masa shinge. Jami'in da ke tsallaken iyaka yana mutunta hatimin da ke jikinta ne saboda gwamnatinsa ta yarda akwai ƙasa mai suna Nijeriya. Wannan yardar ita ce abin da yankin da ya ɓalle yake nema ido rufe, kuma da wuya ya samu.

A rubuce sharuɗɗan ba su da yawa. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta ce ƙasa sai da jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Biyafara ta yi iƙirarin duk tana da su lokacin da Ojukwu ya ayyana ta ranar 30 ga Mayu, 1967, har kuɗinta ta buga. Amma ƙasashe biyar kacal suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Tun 1964 shugabannin Afirka suka yanke a Alƙahira cewa iyakokin da aka gada daga Turawa ba za a taɓa su ba, don kowa na tsoron kada a yi masa irin ta a gida. A Janairun 1970 zance ya ƙare, bayan yunwa ta ci ƙananan yara ba adadi.

Azawad kuwa ko ɗaya ba ta samu ba. 'Yan tawayen MNLA sun ayyana ta a arewacin Mali ranar 6 ga Afrilu, 2012, ba a yi wata uku ba masu iƙirarin jihadi suka kore su daga Gawo, garin da ke bakin kogin nan da ke gangarowa Yawuri.

To, me ya sa Eritiriya ta tsallake a 1993, Sudan ta Kudu a 2011? Domin ƙasar da suka bari ta amince, bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. A ganina nan ne gizo ke saƙa, kuma mu a Kabi ba baƙon abu ba ne gare mu. Kabawa sun yi bore a ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, suka shekara da shekaru suna gwabzawa da Gwandu, masarautar da Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta. Argungu ta Kabawa ba ta huta ba sai da Sakkwato da Gwandu suka yarda da zamanta a sulhun da ake kira Lafiyar Toga, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Wancan lokaci babu Majalisar Ɗinkin Duniya, amma maganar ɗaya ce.

Kada kuma a ɗauka rashin amincewa ya fitar da yanki daga hannun doka. Sashe na 3 na Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 ya hau kan 'yan tawaye kamar yadda ya hau kan sojan gwamnati: ba a kashe fursuna, ba a garkuwa da farar hula. Hakkin yana wuyansu, gatan ne babu. Ba kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba rance daga Bankin Duniya, kuma da wuya fasfon talakansu ya kai shi wata ƙasa.

Don haka duk wanda ya zo maka da zancen a raba ƙasa, tambaye shi wa zai amince da sabuwar, da kuma wace takarda direban albasa zai nuna a Kamba.