Karaye da Rogo: Wa ke sa ido kan kuɗin ƙaramar hukuma?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya. Ta kuma haramta wa gwamnoni ɗora kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni.

Ga manomin masara a Rogo ko masunci a madatsar ruwan Challawa da ke Karaye, hukuncin ya taɓa abu ɗaya ne kawai: hanyar da kuɗi za su biyo. Yadda za a kashe su idan sun iso sakatariya, wannan magana ce daban.

Wata guda bayan hukuncin aka ga misali a Kano. A Agustan 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta binciki wata kwangilar sayen magunguna da ta shafi ƙananan hukumomi 44, yana mai cewa ba da saninsa aka bayar da ita ba. A lokacin kantomomi ne ke riƙe da dukkansu, har da Karaye da Rogo, kuma babu zaɓaɓɓun kansilolin da za su tambayi dalili.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 26 ga Oktoban 2024, jam'iyyar NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484. Wato shugaba da masu bincikensa duk 'yan gida ɗaya ne.

A tsari, shugaban ƙaramar hukuma ba ya cin gashin kansa. Kansiloli ne ke amincewa da kasafin kuɗi, ma'aji ke riƙe da lissafi, sannan babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ya duba littattafan, rahotonsa ya je gaban majalisar dokokin jiha. Idan ɗaya daga cikinsu ya kawar da kai, sauran sun zama hoto.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, tare da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. Kwangila ɗaya da aka yi wa aringizo na iya barin asibitin ƙauye babu magani.

Yankin yana da wani idon kuma. Dokar Yulin 2024 ta kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu a kan ƙananan hukumomin biyu. Hakimai da dagatai ba su da ikon sa hannu a kuɗi, amma sun san rijiyar da aka haƙa da wadda ta tsaya a takarda.

Mazauna mazaɓa kuwa suna da tambaya uku ga kansilansu: nawa ya shigo a watan nan, wa aka bai wa aiki, kuma ina aikin yake?