Gashin Gurasa a Gidajen Tudun Wadan Gombe: Inda Riba Take Shiga da Inda Take Zurarewa

GOMBE — Unguwar Tudun Wada tana daga cikin unguwannin birnin Gombe masu yawan jama'a, kuma kamar sauran unguwannin ƙasar Hausa, wani babban ɓangare na cinikinta ba a bakin titi ake yinsa ba, a cikin gidaje ake yi. Matan aure ne ke gasa gurasa da mit-fai, su toya masa, su daka yajin da za a ci da su, sa'an nan yara ko dillalai su kai wa masu shayi da masu tsire da 'yan makaranta. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira irin wannan sana'a da ɓoyayyen ciniki a wata maƙala da ta buga a 1969, domin ba ya shiga lissafin hukuma ko da yake gidaje da yawa da shi suke dogara.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata da ɗalibai da baƙi suka ƙaru, bukatar abincin da za a saya a ci nan take ita ma ta ƙaru. Sai dai yawan masu saye bai zama yawan riba ba, kuma dalilin haka yana cikin kayan da ake haɗawa.

Kayan sana'ar sun kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da ake gasawa. Gurasa, wadda Kano ta fi shahara da ita, fulawa ce da yis da gishiri, a kwaɓa a bari ta tashi, a manna ta a jikin tanderu mai zafi. Mit-fai kuwa yana bukatar fulawa da bota da nama da dankali, kuma wadda ba ta da murhun gashi na zamani takan zuba yashi a gindin tukunya ta gasa a kan gawayi. Duka biyun alkama ce ginshiƙinsu, alhali mafi yawan alkamar da kamfanonin niƙa na Nijeriya ke amfani da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, buhun fulawa yakan tashi a Gombe ko da daminar bana ta yi albarka.

An ga wannan ba sau ɗaya ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama don ƙarfafa noman ta a gida, fulawa ta yi wuya, har aka ɗage hanin a 1992. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar da alkama a duniya, ya ɗaga farashinta a kasuwannin duniya. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin fulawa da kuɗin motar da ke ɗauko ta suka tashi a lokaci guda.

Kashi na biyu shi ne mahaɗi, wato abin da ake dangwalawa ko a barbaɗa. Yajin ƙuli ana yinsa da garin ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri. Shi ne ake zuba wa gurasa tare da man gyaɗa da albasa da tumatir a yi bandashe. Miyar taushe da ake cin masa da ita kabewa ce da gyaɗa da ganye. Mafi yawan waɗannan amfanin gonar yankin ne, ana samunsu a kasuwar Tudun Hatsi da kasuwannin ƙauye. Daɗin daɗawa, matar da ke matse gyaɗa da kanta tana samun abu biyu daga kwano ɗaya: mai, da tunkuzar da za ta soya ta zama ƙuli. Yaji kuma yana ajiyuwa makonni, alhali gurasar da ta kwana ta rage daraja.

Wannan bambanci ne ya sa masu sana'ar da suka haɗa gashi da masar shinkafa ko ta masara suka fi jure wa tashin farashi a kan waɗanda suka tsaya ga fulawa kaɗai. Shi ne kuma ya sa idan fulawa ta yi tsada, mai gurasa takan rage girmanta maimakon ta ƙara kuɗi, domin mai saye ya saba da farashi ɗaya, kuma maƙwabciya tana sayar da irinta.

Akwai wata kafa da riba ke zurarewa ta cikinta ba a lura ba. Galibi mai sana'a takan lissafa fulawa da mai, amma ba ta sa kuɗin gawayi da ruwa da wahalarta, ba ta kuma ware abin da iyali suka ci daga tukunyar. Idan aka ƙara da bashin da masu shayi ke ɗauka sai yamma ko sai gobe, uwar kuɗi kan narke tana ganin ciniki yana tafiya.

Ga 'yan kasuwa, akwai abin dubawa a nan. Dillalin da ke sayar wa mata fulawa kwano-kwano zai iya riƙe abokan cinikinsa idan ya ba ƙungiyar adashi buhu a farashin sari, musamman gab da watan azumi da lokutan biki da bukata ke ƙaruwa. Mai ƙaramin jari kuwa, daka yaji da ƙulla shi cikin tsabta ya fi gashi ƙarancin haɗari, tun da ba ya jiran dala, ba ya kuma lalacewa da wuri.